Ƙofar da Na Hana Ta Ce "Babu"

Assalamu alaikum Edita, da fatan kai da masu karatu kuna cikin ƙoshin lafiya. Na daɗe ina bin wannan shafi, ban taɓa zaton wata rana zan aiko da nawa labarin ba, domin rayuwata ba mai hayaniya ba ce. Ni ɗiyar wani ɗan kasuwar hatsi ce a Dakoro. A lokacin da abin da zan faɗa ya faru ina shekara ta biyu a jami'a a Maradi, ina karatun na'ura mai ƙwaƙwalwa. Tun ina ƙaramar lakwal, wato firamare, aka san ni da abu biyu, rashin magana da son tsari. Idan baƙi suka cika gidanmu, ni ce ake tararwa a bayan ɗaki da littafi. Idan kuwa aka bar ni da kwanuka, sai na jera su daga babba zuwa ƙarami kafin hankalina ya kwanta. Innata takan ce da ana sayar da kunya a kasuwa, da ni kaɗai na ciyar da gidan. Ban taɓa ɗaukar ko ɗaya daga cikin halayen nan a matsayin aibi ba, sai da suka haɗa kai suka kusa ɓata sunan wani dattijo da bai taɓa yi mini komai ba.

Kawuna, ƙanen innata, shi ne sakataren wata ƙungiyar makiyaya da ke da ɗan biro, wato ofis, a bayan kasuwar dabbobi. Wanda ya san arewacin Dakoro ya san yadda dabba ke ɓacewa. Raƙumi yakan sa kai ya yi ta tafiya, saniya takan bi wani garke daga bakin rijiya. Al'ada kuwa a sarari take. Wanda ya ga baƙuwar dabba cikin garkensa zai shayar da ita, ya yi kiwonta kamar tasa, ba zai hau ta ba, ba zai sa mata shaidarsa ba, sannan dole ya sanar. Sanarwar nan ita ke raba mai amana da ɓarawo. Da can a bakin masu zuwa kasuwa ake aika ta, ko a ba mai shela. Daga baya wani saurayi ya yi wa ƙungiyar wata ƙaramar manhaja ta salula mai maɓalli biyu kacal, ɗaya na cigiya, ɗaya na tsintuwa. Mutum ya danna, ya ɗauki hoto in akwai abin ɗauka, ya faɗi bayani da bakinsa. Saƙon yakan zauna cikin salula har a samu rezo, wato sabis na waya, ko a kan wani tudu ko ranar kasuwa, sannan ya tafi, koriyar alama ta fito. Kawu ne ke zama a biro yana haɗa cigiya da tsintuwa, ya kira masu abin. Saurayin ya samu aiki a Yamai ya tafi, shi ya sa da na zo dogon hutu Kawu ya miƙa mini komai, ya ce tunda Allah ya ba su ƴar jami'a a gida, in duba masa wannan abu kada ya mutu a hannunsa.

Bari in ɗan yi bayani domin wanda ba aikinsa ba ne. Duk saƙon da ya bar salula yana ɗauke da adireshi. Farkon adireshin sunan gidan ne, wato babbar na'urar da ke karɓar saƙonni, wadda muke ce wa sarba. Abin da ya biyo bayan sunan shi ake kira hanya, kuma ita ke nuna ƙofar da saƙon zai ƙwanƙwasa. Mai aiki ne ke rubuta wa sarba cewa wanda ya zo ta hanya kaza a kai shi ɗaki kaza, wanda ya zo ta waccan a kai shi wancan. Sarba takan duba ƙofofin daga sama zuwa ƙasa, ta farkon da ta dace ita ke karɓa. Kowace amsa kuma tana tafe da lamba. Ɗari biyu na nufin an karɓa lafiya. Ɗari huɗu da huɗu na nufin babu wannan ƙofar a gidan nan. Salula ba ta karanta kalmomin amsa, lambar kawai take dubawa.

Ranar da na buɗe aikin saurayin nan sai na ji kamar an shigar da ni ɗakin da aka watsar da kaya. Aikin yana tafiya, ban ce ba ya tafiya ba, amma sunayen hanyoyin ba kai ba gindi. Wata /env2, wata /env2b, wata rabi Faransanci rabi Hausa, ba yadda za ka gane abin da suke yi sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa bin su ɗin shi ne daɗina. Na shafe hutun ina bin diddigin kowace hanya, ina mamakin abin da ya sa ya yi haka bai yi haka ba. Daga ƙarshe na ba su sunaye masu kyan gani, /cigiya/sabuwa da /tsintuwa/sabuwa, na fitar da sabuwar manhaja da ta san sababbin hanyoyin, har na sauya kalar maɓallanta daga ruwan ƙasa zuwa shuɗi. Tsofaffin hanyoyin kuwa na goge su, domin a ganina barin su tamkar share ɗaki ne a bar sharar a tsakar gida. Na gwada a salulata, na gwada a ta Kawu, na gwada a ta mai shayin ƙofar biro, komai lafiya. Kawu ya aika murya ga ƴan ƙungiya cewa kowa ya sabunta manhajarsa, ni kuma na ɗauka magana ta ƙare.

Saura abu ɗaya. Ina cikin gwaji sai na rubuta wata hanyar da babu ita, don in ga abin da zai faru. Sarba ta amsa da ɗari huɗu da huɗu, da wasu busassun kalmomi na cewa ba a samu ba. Abin ya yi mini nauyi. A gidanmu ba a ce wa wanda ya yi sallama babu daga bakin ƙofa. Ko hatsi ne ya ƙare a shagon Baba, ba za ka ji ya ce babu ba, sai dai ya ce a zauna a sha ruwa, mota tana hanya. Na tuna cewa masu amfani da abin nan dattawa ne, sa'o'in Baba da waɗanda suka girme shi, sai na ga bai dace aikin da ya fito daga hannuna ya yi musu gatsali ba. Don haka na ƙara wata ƙofa a can ƙasa, na sa mata alamar tauraro, wadda ke nufin duk wanda bai dace da ƙofofin sama ba ya shigo nan. Na rubuta mata amsa: sannu da zuwa, mun ji, mun gode. Ban sa mata lamba ba, alhali na san cewa idan ba a faɗa wa sarba lamba ba ɗari biyu take sawa, har a jarrabawa na taɓa rubuta haka. Hankalina yana kan daɗin kalmomin ne. Ban kuma ce a ajiye abin da ya shigo ta nan ba, domin a tunanina ba mai shigowa sai wanda ya yi kuskure. Na koma Maradi ina jin na bar gida a share.

A watannin da suka biyo baya, in na kira gida nakan tambayi Kawu yaya abin namu. Yakan ce lafiya lau, sai dai saƙonni sun ragu sosai bana, kuma ya ɗora hakan a kan kyan damina, wai ciyawa ta wadata dabbobi ba sa nisa. Ni ma na yarda, har na ji daɗi.

Da na dawo hutu na gaba na tarar da Kawu ba walwala. Innata ta matsa masa, shi ne ya ba mu labari. Akwai wani dattijo daga wajen Azagor, mutumin da ake kira ya tsaya shaida idan rigima ta tashi a bakin rijiya, domin ba a taɓa kama shi da magana biyu ba. A ƙarshen damina wata taguwa, wato raƙuma, mai ciki ta shiga garkensa da shaidar da bai sani ba. Ya riƙe ta har ta haihu a hannunsa. Mai ita, wani mutum daga wajen Tagriss, ya yi ta yawon nema har ya gan ta a bakin rijiya da ɗanta, cikin raƙuman dattijon. Nan take, a gaban masu shayarwa, ya kira shi ɓarawo. Dattijon ya ce ya sanar tun makon da ta zo, ya fito da salula ya nuna koriyar alama. Aka kira Kawu ya duba, ya duba sama da ƙasa bai ga tsintuwar ba. Mai taguwa ya ce jandarma za shi, da ƙyar manya suka roƙe shi ya dakata zuwa ranar kasuwa a zauna a rumfar ƙungiya. Kawu ya ce ya san dattijon tun ba a haife ni ba, zai iya rantsuwa a kansa, amma na'ura ba ta da dangi balle ta yi wa wani ƙarya.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba. Abin da ya fara zuwa raina ba tausayi ba ne, ba kuma tsoro ba ne, tambaya ce. Salula ba ta iya kunna wa kanta koriyar alama. Sai an amsa mata. To wa ya amsa? Tambayar nan ta bi ni wurin wanke-wanke, ta bi ni wurin cin abinci. Na yi tunanin ko rezo ne ya yanke saƙon a tsakiya, amma da haka ne da alamar ba ta fito ba. Na yi tunanin ko Kawu ne ya goge da kuskure, na duba na ga ba shi da ikon gogewa. Na zargi kowa da komai ban da kaina, domin na gwada aikina, kuma na san na gwada. Daga ƙarshe na roƙi Kawu a aiko mini da salular in gani. Dattijon ya aiko cewa ba ya rabuwa da shaidarsa guda ɗaya da ta rage masa, amma zai kawo ta da ƙafarsa.

Ya iso da hantsi ana jibi kasuwa, dogo, siriri, rawaninsa ya rufe rabin fuska. Aka ba shi kujera ya ce shi tabarma ya sani. Na durƙusa na gaishe shi da muryar da ni kaina da ƙyar na ji, ya ce wa Kawu ashe wannan ce malamar da ake faɗa, ai ya zaci zai tarar da mai gemu. Ya miƙo mini salular da hannu biyu ya ce ɗiyata, ga ta, ki tambaye ta, ni na gaji da tambayarta. Ina buɗewa na ga maɓallan ruwan ƙasa ne. Na tambaye shi, ta bakin Kawu, ko bai ji saƙon a sabunta ba. Ya ce ya ji, amma me ya lalace da za a sabunta? Ya ce inda suke rezo kamar marowacin baƙo yake, ya leƙo ya wuce, ba zai ɓata wannan ɗan lokacin yana yi wa salula kwalliya ba, kuma an gaya masa sabuntawar cinye kiredi take. Har a lokacin ban gane ba. A raina cewa nake, to ai da tsohuwar hanya ta bi da an ce mata babu.

Na ce ina so mu aika tsintuwar gwaji. Dattijon ya ce in ɗauki hoton sakatare, a sanar an tsinci wani tsohon rago marar shaida, mai yawan ci, a ga ko akwai mai nemansa. Kawu ya ce ai shi ko an tsince shi ba a hannun mai riƙe taguwar mutane zai zauna ba. Suka yi dariya, amma ta dattijon ba ta yi nisa ba. Na ɗauki hoton butar shayi na danna. Koriyar alama ta fito. Muka juya ga allon na'urar Kawu, babu buta, babu alamarta. Sai na ji wani irin daɗi na wanda ya ga sawun abin da yake nema, Allah ya yafe mini. Na buɗe tagar da ke nuna abin da ke faruwa cikin sarba a daidai lokacin, na sake aikawa, na zuba ido. Na ga saƙon ya iso yana neman /env2b. Na ga ya wuce ƙofar cigiya, ya wuce ta tsintuwa, ya faɗa ta tauraro. Na ga ɗari biyu. A gefenta kuma ga kalmomin da na zauna na zaɓa da kaina: sannu da zuwa, mun ji, mun gode.

Allah ya taimake ni aka kira sallar azahar dattijon ya fita, sannan na iya buɗe baki na yi wa Kawu bayani. Ya shafa kai, ya ce to ba komai, ranar kasuwa shi zai tashi ya ce na'ura ce ta samu matsala, ba sai an ambaci kowa ba, ni ɗiya mace ce, kuma ya san ko gaisuwa wuya take yi mini balle magana gaban taro. Wallahi na ji sanyi a raina, na kusa cewa to. Amma kan nan nawa da ba ya barin abu a karkace ya ƙi kwanciya. Mai taguwa ya san Kawu da dattijon abokai ne. Idan sakataren da ya ce babu saƙo ya dawo ya ce na'ura ce, me zai hana a ce rufa wa aboki asiri ake yi? Ga shi saƙon dattijon ya tafi har abada, tunda ban sa a ajiye shi ba. Ina cikin wannan sai wata tambaya ta faɗo mini. Na ce wa Kawu, shi mai taguwar bai yi cigiya ba ne? Ya ce ya yi mana, ai abin da ya ƙara fusata shi ke nan, yana ganin an ga cigiyarsa an yi shiru. Na ce to shi Kawu ya taɓa ganin cigiyar da idonsa? Kawu ya dube ni. Ba wanda ya nemi ta mai ƙara, domin ba shi ake tuhuma ba. Muka duba tare. Babu ita.

Wannan bai isa hujja ba sai mun ga salularsa, kuma ba mu da hanyar ganinta kafin zaman. Abin da na iya yi kawai shi ne na sa ƙofar tauraro ta fara ajiye duk abin da ya shigo a gefe, don kada a ƙara asara, na bar sauran yadda yake domin mutane su gani da idonsu. Na gaya wa Kawu ni zan yi magana. Ya ce in yi tunani. Na ce in na yi tunani ba zan yi ba.

Ranar kasuwa rumfar ta cika, ni kaɗai ce mace. Mai taguwa mutum ne kakkaura mai saurin magana, kuma daga ganinsa ya sha wahalar nema, ƙafafunsa duk sun tsage. Da Kawu ya ce ɗiyarsa za ta yi bayani, sai ya ce ikon Allah, manya sun rasa ta cewa an ɗauko yarinya ta yi wa na'ura lauya. Na fara magana wani daga baya ya ce a ɗaga murya, ba a gidan surukai ake ba. Na ɗaga murya na tambayi mai taguwar, ina kiransa Baba, ko ya aika cigiya. Ya ce wannan wace irin tambaya ce, ya zaro salula daga aljihu ya ɗaga ta sama kowa ya gani. Maɓallanta ruwan ƙasa ne. Na ce masa, idona a ƙasa, tasa ma ba ta iso ba. Rumfar ta ɗauki hayaniya. Ya miƙe ya ce wato shi ma maƙaryaci ne ke nan? Wani tsoho da ke jagorantar zaman ya ce masa ya zauna, ai tambayar ke nan da ke gabanmu, in rashin isowar saƙo ƙarya ce to maƙaryata biyu ne a rumfar nan, in kuwa ba ƙarya ba ce to babu ko ɗaya.

Na roƙe shi ya aika wani saƙon yanzu da hannunsa, kada ya ba kowa. Ya cire takalminsa ya ɗauki hotonsa, ya ce cikin salular an tsinci takalmin wanda ake so a raina wa hankali, ya danna. Koriyar alama ta fito, ya nuna wa na kusa da shi. Kawu ya juya allon ga jama'a. Aka jira, aka jira, takalmi bai zo ba. Sai na ce ba na'ura ce ta lalace ba, ni ce. Na ce na sauya wa gidan ƙofofi na toshe tsofaffin, kamar wanda ya shuka gero a kan burtali yana zaton shanu sun ji labari, sannan na tsayar da wani a bakin tsohuwar hanya na koya masa ya ce wa kowa mun ji, ya kuma zubar da abin da aka ba shi. Jagoran zaman ya tambaye ni, ba da faɗa ba, me ya sa zan koya masa haka. Na ce kunya na ji ya ce wa manya babu. Wasu suka yi dariya. Dariyar ba ta daɗe ba.

Mai taguwa ya daɗe yana juya salularsa a hannu. Sannan ya tashi da takalmi ɗaya ya je gaban dattijon ya tsuguna, ya nemi gafara, ya ce zai bar masa ɗan taguwar ladan kiwo. Dattijon ya ce ba ya buƙata, ya ɗauki uwa da ɗa ya tafi da su, abu ɗaya yake so. Ya ce ba a rumfar nan aka kira shi ɓarawo ba, a bakin rijiya ne, don haka can yake so a je a maimaita abin da aka faɗa yau. Na ji labarin cewa mutumin ya cika alkawari, ya je ya faɗa. Sai dai ba duk waɗanda suka ji ta farko ne suke wurin a ranar ta biyu ba, kuma wannan ba abin da zan iya gyarawa ba ne.

Ban kai ga numfasawa ba sai ga mutane suna matsowa ɗaya bayan ɗaya da saluloli masu maɓallan ruwan ƙasa. Wannan ya ce ya yi cigiyar jakinsa, wancan ya ce ya sanar da wata karsana har ya gaji da jira. Ba wanda ya zage ni. Tambayata kawai suke ko nasu ya iso, ni kuwa a karon farko a rayuwata na yini ina ce wa manya babu, ina kallon fuskokinsu. Muka sa kowa ya sake faɗin nasa, Kawu ya haɗa abin da ya haɗu. Wasu an dace, wasu lokaci ya riga ya wuce.

A ranar na gyara aikin. Na mayar da tsofaffin hanyoyin da munanan sunayensu, na sa kowace ta kai saƙo ɗakin da sabuwarta ke kaiwa, suna nan har yau kuma ba na jin za ni taɓa su. Ƙofar tauraro kuwa na mayar mata da ɗari huɗu da huɗu, yadda salula za ta nuna ja ta riƙe saƙon. Kafin dattijon ya kama hanya ya leƙo biro ya ce ɗiyata, yanzu me kika koya wa mai tsaron ƙofar taki? Na ce na koya masa ya ce babu. Ya gyaɗa kai ya ce madalla, a daji wanda ya ce maka rijiyar nan ta ƙafe shi ne masoyinka, ko da bai yi maka murmushi ba. Ya sa mini albarka ya tafi. Kawu ya ce tun daga lokacin bai ƙara aiko saƙo ta salula ba. In ya tsinci dabba, mutum yake samu mai zuwa kasuwa ya ba shi sallahu, ya kuma ce kada ya dawo sai ya ga idon sakatare.

Yanzu na gama karatu ina wannan aikin, kuma har yau nakan tsaya in tambayi kaina yadda aka yi wadda ke gwada komai sau da yawa ta faɗa wannan rami. Amsar da na samu ita ce, na gwada da salulolin da ke kusa da ni, na mutanen gari masu rezo a aljihu, ban taɓa tambayar wace ce ke hannun mutumin da ke tafiyar yini kafin ya samu tudu ba. Ga ƴan'uwana masu koyon wannan sana'a, musamman masu son tsari irina, ina roƙonku kada ku goge hanya don sunanta bai yi muku kyau ba, sai kun tabbata ba sauran mai bin ta, kuma ku sani wanda ya fi dogara da ita shi ne wanda ba za ku ji muryarsa ba. Kada ku bar ƙofa ta ce an karɓa alhali ba ta ajiye komai ba. Ga sauran masu karatu kuma, waɗanda ba ruwansu da sarba, ku duba bakinku. Mu mutane ne masu kara, kuma kara abu ne mai kyau, amma sau nawa muke cewa to, mun ji, don kawai kada mu ga ɓacin rai a fuskar mutum, sai ya tafi ya kwanta da zaton an riƙe masa amana? Da ƙofata ta ce wa dattijon nan babu, da ya ɗan ji haushi, ya samu mai zuwa kasuwa ya aika, da ba a kai ga bakin rijiya ba. Har yanzu kalmar tana yi mini nauyi a baki. Amma duk lokacin da na ji harshena zai kauce mata, sai in tuna da wani mutum tsugune da takalmi ɗaya, da wani dattijo da ya ƙi karɓar ɗan taguwa, sai in daure in faɗe ta.